Ranar da mahaifiyata ta faɗi sunana

Shekarun baya, lokacin ina acaɓa tsakanin Daura da Mai'adua, na ɗauko wani dattijo ranar kasuwa, mota ta kwashe mu a wata kwana. Ni na tashi da ƙujewa a gwiwa. Shi bai tashi ba.

Kowa ya ce ƙaddara ce, na kuma yarda. Amma duk sanda na hau babur sai in ji hannunsa a kafaɗata, yadda ya riƙe ni. Abokina ya miƙo min ƙwaya ɗaya ya ce, "Haɗiye wannan, ka huta da tunani." Na huta kuwa. Kafin shekara ta zagayo, sai na sha huɗu nake iya fita aiki. A tunanina ba wanda ya sani, alhali ina tafe ina tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yau.

Wadda ta fi ɗaure min kai ita ce mahaifiyata. Ni ne ɗan farinta, ita kuma irin matan da ce masu alkunya. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take cewa. Na yi ta tambayar kaina, ta gane ne ko ba ta gane ba? Har gwada ta na riƙa yi, in bar ledar ƙwayar a kan tabarma. Sai ta share ta zubar, ko uffan.

Wata safiya na yanke jiki na faɗi a tsakar gida. Da na farfaɗo na tarar ta yafa mayafi. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ya sa takalmi, Katsina za mu." Daga ni sai ita a gidan.

A inda ake kula da masu shaye-shaye, wata ma'aikaciya ta buɗe fayil ta ce, "Mama, ya sunansa?" Na so in cece ta, harshena ya ƙi juyawa. Mahaifiyata ta riƙa murza bakin mayafi. Can ta faɗe shi, tiryan-tiryan. Ta ƙara da cewa, "Ɗana ne. Mutum ya mutu a bayansa, tun ran nan bai dawo daidai ba. Ku taimaka min."

Ashe ta sani tun daga tushe. Na yi kuka a gaban mutane, ƙato da ni.

Wata uku na yi a can. Barin ƙwayar ya yi wuya, amma ba kamar zama gaban likita in ba da labarin dattijon nan ba.

Yanzu gyaran babur nake yi. Har yau ina mamakin yadda sunan ya zauna daram a bakinta, kamar ta daɗe tana faɗarsa inda ba mai ji. Na taɓa tsokanarta ta maimaita min, ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan ya kiyaye ni."

Ba ta sake faɗa ba. Ni kuma kullum roƙona kada in sake ba ta dalili.