Saƙon da ke dawowa

Ni mai faci ne a bakin titi, a Unguwar Shanu. Ban yi boko ba, allon ma ban kai ko'ina ba. Mu uku muka fito daga ƙauyenmu na Zamfara ranar da aka ƙone shi: ni, Inna, da ƙanena. Sauran ba na maganarsu.

Ƙanena mai walda ne. Da aiki ya yi wuya ya bi wasu ya haye sahara, ya samu wani kamfanin gini a ƙasar Larabawa. Ranar da suka isa aka karɓe musu wayoyi. Abin da ya rage shi ne wata kwamfuta a ofishin sansaninsu, wadda ake barinsu su taɓa ran Juma'a. Shi ya yi firamare, yana iya rubutu. Kafin ya tafi ya kai ni shagon Hajiya ya ce ta nan za mu riƙa jin juna.

Hajiya tsohuwar mai buga takardu ce a ofishin gwamnati. Da ta yi ritaya ta buɗe shago kusa da rumfata, da kwamfuta ɗaya babba a kan tebur da injin hoto. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan shiga. Takan ce in tsaya daga can, kada in shafa mata baƙin mai a kujera, ni kuma in ce kujerar ta girme ni. Sai ta buɗe imel ta karanta mini nasa, in faɗi namu ta rubuta. Kullum da gaisuwar Inna yake farawa. In na koma gida Inna tana zaune a bakin ƙofa, idonta ya mutu amma kunnenta lafiya lau. Tambayarta ɗaya ce: ya yi magana?

Da damina ya daina magana.

Da farko ban damu ba. Aiki yakan yi yawa. Muka ci gaba da aika namu. Hajiya ta riƙa ɗaukar Inna hoto, ta ɗauki sabuwar rumfata, muna turawa. Ba amsa. Na riƙa ce wa Inna sabis ne babu.

Sai wata Juma'a saƙonmu ya dawo. Hajiya ta danna, ko ruwa ba ta gama kurɓa ba, ga shi ya komo da dogon Turanci a kansa. Ta gyara tabarau ta ce wataƙila daga wajenmu ne. Na ji daɗin wannan maganar. Na fi so ya zama daga wajenmu.

Ta zare ɗan abin da ke kawo sabis ta mayar. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa da ɓeraye. Aka ɗauke wuta, na ja mata janareto. Ta duba adireshin harafi-harafi, ta ce daidai yake. Ta cire hoton, ta ce ko nauyi ya yi. Ya sake dawowa.

Na san wannan aikin. In aka kawo mini taya tana sacewa, robar ciki nake hurawa in tsoma a daro, in riƙa juyawa ina jiran kumfa. Duk inda bai yi kumfa ba, na wuce shi. Haka take yi. Duk abin da ta gwada ta ga lafiyarsa ƙalau, sai wuraren da suka rage a duba su ƙara raguwa.

Daga ƙarshe ta aika wa kanta saƙo. Ya shiga nan take. Ta aika wa 'yarta da ke unguwar Doka, ita ma ta kira ta ce ta gani. Hajiya ta daina barkwanci.

"Malam, kwamfutata lafiya take," ta ce. "Akwatinsa ne ya cika."

Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce kowa yana da akwati, kuma ba ya cin abin da ya fi ƙarfinsa. Mai shi ne ke buɗewa ya karanta ya share. In ya cika har yana mayar da saƙo, to an daɗe ba a buɗe ba. Na tambaye ta ko daga nan za ta iya buɗewa. Ta ce sai da lambar sirrinsa, kuma shi kaɗai ya san ta.

A gida na ce wa Inna injin Hajiya ne ya lalace. Ta ce tun daga tsakar gida take jin ƙarar janareton Hajiya.

Ban daina zuwa ba. Ba na faɗin komai mai tsawo, sallama kawai, ta aika, ya dawo. Har na saba da dawowar. Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, yana dawowa.

Wata Juma'a bai dawo ba. Muka zauna muna kallon gilashin kwamfutar. Wani ya shigo yin hoton takarda, ta sallame shi, ta dawo ta duba. Babu. Ta ce an buɗe akwatin, an share. Ta fara hamdala, na ce ta dakata. In shi ne ya buɗe, me ya hana shi gaida Inna?

Na ce ta rubuta tambaya ɗaya: jakin da muka baro a ƙauye, da wace ƙafa yake ɗingishi? Ta dube ni, ta rubuta.

Kafin la'asar ta leƙo rumfata ta yafito ni. Ba ta ce in tsaya daga can ba. Ta tura mini kujerar.

Amsar da Hausa take, irin ta mutanen Nijar. Ta karanta a hankali: "Ni ba shi ba ne. Ɗaki ɗaya muke kwana, ya ba ni lambar tun yana asibiti. Sai yanzu aka bar ni na zauna a nan. Ko akwai babba namiji a gidan?"

"Ki ce masa ni ne babban," na ce.

Mutumin yana zaune a can yana jira, don amsar ba ta jima ba. Wannan karon ba ta karanta a fili ba. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta yi salati. Na tambaye ta ko an yi masa sutura yadda ya kamata. Ta sake dubawa, ta ce an yi, 'yan ɗakinsu ne suka yi masa wanka, tun tsakiyar damina.

Na fita na tattara kayan aikina. Akwai mai babur da ke jiran faci, na nuna masa rumfar gaba. Na biya masallacin unguwa na ari tabarmi wajen ladan, na ɗauko a ka.

Inna tana bakin ƙofa. Na sauke tabarmin a ƙofar gida na fara shimfiɗawa. Ta karkato kunne tana jin ƙararsu a ƙasa. Ba ta yi tambayarta ba. Ta lalubo bango ta miƙe, ta ce in ɗebo mata ruwan alwala.