Maɓallin da dattijo ya kawo gyara

"Ƙara dannawa, wataƙila ya kama," in ji dattijon da ke tsaye a kaina, a shagona na gyaran kwamfuta nan Wudil.

Ma'aikacin ofis ne a jami'a. Laftof ɗinsa lafiya lau take, sai dai in ya haɗa maɓallan Alt da Tab don ya tsallaka daga wannan shafi zuwa wancan, ko motsi ba ta yi. Tab ɗin ya sha danna har rubutun kansa ya goge.

Na ce, "Baba, ka riƙa amfani da maus mana."

Ya ce, "Maus yana da nawa, ɗana. Kafin in rufe an gani."

Wallahi sai da zuciyata ta raya min wani abu.

Na canja maɓallin, na gwada. Takardar aikinsa ta kauce, sai ga hoton wata matashiya tana dariya, da lalle a hannunta.

Ya ce, "Autata ce, Maryam. Bara ta rasu wajen haihuwa. A gida mahaifiyarta ba ta iya kallon hoton nan. A ofis kuma in an gan ni, sai a ce har yanzu ban yi tawakkali ba. Na yi. Ganinta kawai nake so."

Ya karɓa ya gwada da kansa. Ta fito, ta ɓuya, ta sake fitowa. Nan ya bar yatsansa, ya daɗe bai ɗaga ba.

Tun ɗazu na kasa taɓa wani aiki. Ku sa Maryam a addu'a. Ku fa, wa kuke ɓoyewa a bayan aikinku don kada a ce ba ku yi haƙuri ba?