Zakaran Da Ya Kusa Tsiyata Alhaji

Ni direba ne, Birnin Kudu zuwa Gwaram, wani lokaci har Kano, kuma duk wanda ya taɓa shiga motata zai shaida cewa bakina ya fi injin gudu. To wannan bakin ne ya jawo abin da zan ba ku labari.

A ƙauyen su mahaifiyata, can bayan Fagam, iskar ƙarshen damina ta yaye rufin makarantar firamare. Ba yayewar wasa ba, an ce an tsinci falle ɗaya na kwanon a gonar wani mutum a Farin Dutse, ni kuwa na ce ƙarya ne, a Bauchi aka tsince shi. Aka kai kuka gaba, aka ce a dakaci kasafin baɗi. Yara suka yi rani a gindin tsamiya. Da bazara ta kama, hedimastan makarantar, wani siririn malami mai yawan tunani, ya shigo motata ya zauna gaba. Ya ce in ruwa ya sauka babu rufi, bangon zai jiƙe ya zube, a ce yara su koma makarantar tsallaken rafi. Rafin nan kuwa da damina babu uwar da za ta bar ɗanta ya tsallaka shi. Karatun ƙanana ya ƙare ke nan.

Nan take na kira Alhaji a waya. Ɗan kawuna ne, taubashina, babban ɗan kasuwar hatsi a Kano, mutumin da in ya yi atishawa sai farashin dawa ya motsa.

"Bawana, me kuma ka lalata?" in ji shi.

Na zayyana masa komai, na ƙara gishiri daidai gwargwado. Ya yi dariya ya ce, "Ni ba na taimakon wanda ya naɗe hannu. Ku je ku tara, duk abin da kuka tara zan ɗora kamarsa." Na san lissafinsa sarai: bazara ce, aljihun manomi ya bushe, abin da za su tara ba zai wuce kuɗin shayinsa na safe ba.

Abin da ya manta shi ne bai ce kuɗi ba, kuma ni ya aika.

Na ari lasifikar mai tallan magani na ɗaure a kan mota. Unguwa-unguwa nake bi ina shela: "Jama'a, ku kawo kwano ɗaya na gero ya zama biyu! Ku kawo akuya ta haihu nan take ba tare da bunsuru ba!" Mutumin da da za ka ce ya ba da sadaka zai ce Allah ya hore, da ya ji za a ninka sai ka ga ya tsaya yana sosa ƙeya. Kowa gani yake in bai kawo ba ya bar wa Alhajin Kano kuɗinsa a banza, wannan kuwa ba za a yi da shi ba. Aka buɗe rumbuna. Dawa, gero, riɗi, wake, awaki, agwagi, har da wani tsohon keke da babu sarƙa. Gwaggona, ƙanwar babana da ke aure a can, mai sayar da daddawa, ta rungumo wani jan zakara mai tsawon wuya, ta ce, "Ungo, ɗan nan, ka gaya wa yaron nan na Kano ina son ganin tagwayensa."

Ranar da Alhaji ya zo, ya fito daga mota yana gyara babbar riga, ya ga filin makaranta ya koma kasuwa. Ya dube ni, na dubi sama.

"Kai, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, abin da muka tara ne."

Ai kuwa sai ɗan kasuwar cikinsa ya farka. Ya naɗe hannun riga ya shiga buɗe bakin awaki yana duba haƙora. Wannan tsohuwa ce, waccan tari take yi. Ya damƙi dawa ya ce a yi mata kuɗi da farashin kaka. Manoma suka yi caa, suka ce da bazara suka ɗebo ta daga bakin 'ya'yansu, farashin bazara za a yi. Hedimasta yana gefe yana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗa gira, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa sammaci. Na ga Alhaji ya fara laluben makullin mota, na kuwa san in ya tafi rufi ya tafi, ni kuma ƙauyen nan ya haramta gare ni har jikokina.

Sai ya juyo ya ce, "Ba na jayayya da ku. A kai kasuwar Gwaram a yi gwanjo. Abin da kasuwa ta yanke, shi zan biya." Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Shi a tunaninsa masu saye za su taya da arha kamar kullum.

Kafin ranar kasuwa babu tashar da labarin bai kai ba, kuma kun san wanda ya kai shi. Direbobi suka zo, mahauta suka zo, 'yan kasuwar Birnin Kudu da suka daɗe suna jin haushin yadda Alhaji yake riga su sayen hatsi suka zo da sababbin huluna. Aka shimfiɗa wa Alhaji darduma a inuwa. Ni na hau bayan mota na zama mai gwanjo.

Tunda nake ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Mai saye ya taya, wani ya ce, "Haba, ka raina akuyar 'yan makaranta? Na ƙara!" Kowa ya ɗaga farashi sai ya waiwaya ya gaishe da Alhaji: "Alhaji, barka da hutawa!" Keken nan marar sarƙa, wani bakanike ya saye shi a kuɗin sabo, ya ce ƙararrawar yake so.

Sannan aka zo kan zakaran Gwaggo. Na ɗaga shi sama na ce wannan ba zakara ba ne, ladan ne, in ya yi cara a Fagam sai an tashi a Sundimina. Sarkin fawa ya saya, ya shafa ƙoronsa, ya ce ya mayar wa makaranta, a sake sayarwa. Shugaban direbobinmu ya saya, ya mayar. Wani mai shagon taki ya saya, ya mayar. Zakaran yana yawo hannu zuwa hannu, ya wuce kuɗin rago, ya doshi na ɗan maraƙi, shi kansa ya daina fuffuka ya kama kallon mutane da mamaki. Gwaggo kuwa guɗa take yi, tana cewa, "Ku bi shi a hankali, ɗan gidan mutunci ne!"

Alhaji ya cire hula ya share gumi. Ya miƙe. Hedimasta ya runtse ido.

"Ina kafintan da zai yi rufin?" Aka turo shi gaba. "Malam, tsakaninka da Allah, abin da aka tara ya kai rabin kwano da katako da ƙusa?"

Kafinta ya ce ya kai, har da ɗan ɗoriya.

"To a tsaya haka nan! Ku sauke zakaran nan kafin ya cinye min shago!" Sai dariya ta ƙwace masa, har da riƙe ciki. Ya nuna ni da hula: "Kai kuma, bawan banza, daga yau in ka kira ni sai na sa lauya kusa." Bai bar Gwaram ba sai da ya tura wa mai kayan gini nasa rabin kuɗin ta waya, a gaban kowa.

Ni na yi jigilar kwanon, kyauta, ina tafe ina hon kamar mai kai amarya. Kafinta da yaransa suna buga ƙusa iska tana kaɗa musu riga, matasan gari suna miƙa katako. Suka sauko, bayan 'yan kwanaki sama ta ɓalle.

Ranar ruwan farko ina tashar Birnin Kudu, wayata ta yi ƙara. Hedimasta ne, amma ba na jin komai sai rugugi kamar ana casa a cikin tukunya.

"Malam, lafiya? Ya zubo ne?"

"Ko ɗigo!" Ihu yake yi. "Duk suna ciki, a bushe! Sai dai ƙarar kwanon, ko kaina ba na ji! Don Allah, Alhaji yana da ra'ayin silin?"