Sunan da aka ce ardeb ɗin mahaifiyata ne ya kwantar da mutane

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki da masu bin diddigin cututtuka ba, ƙanwata ta yi haihuwar fari. A gidanmu na unguwar Bulabulin ta zo wankan jego, don haka a nan aka yi suna. Mu asalinmu Kanawa ne amma duk a Maiduguri aka haife mu, mijin nata kuwa Babarbare ne ɗan unguwar Shehuri.

Mahaifiyata ba ta da wani abin alfahari da ya wuce ardeb ɗinta. Ga wanda bai sani ba, abin sha ne na tsamiya da kayan ƙamshi da ake yi a Borno. Wurin maƙwabtanmu Barebari ta koya, har ta zo ta fi masu abin, su da bakinsu suke faɗa. Ba sayarwa take yi ba. Duk mai biki ko suna a layinmu sai ta aiko a roƙe ta, ita kuma ta ɗan ja aji kafin ta yarda. To ga sunan jikanta na farko, ga surukai za su zo daga Shehuri, sai ta cika babban duro ta rufe da farin ƙyalle, ta hana kowa matsawa kusa.

Lokacin tsakiyar zafi ne, irin wanda ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka, wuta kuma ta daɗe da yin ƙaura daga garin. An yi suna lafiya, an ci an sha, an watse ana yabon ardeb.

Washegari da la'asar waya ta fara shigowa. Wance tana amai da gudawa. Wance ma haka, har da 'yarta. Kafin a kwana biyu maganar ta game dangi. Wadda ta fi jin jiki ita ce kakar mijin ƙanwata, tsohuwa ce tukuf, aka kwantar da ita a asibiti ana mata ƙarin ruwa, an ce ko magana ba ta iya yi sosai.

Wata maƙwabciyarmu ce ta kawo mana abin da ake faɗa a waje, irin masu fara zance da “ni dai ba na son kawo magana”. Ta ce ana cewa ardeb ne. Wasu na cewa ya lalace, wasu kuma na cewa ba lalacewa ya yi ba, wani abu aka zuba.

Mahaifiyata ta sallami maƙwabciyar. Ta tashi ta jawo duron da ta riga ta wanke, ta sake wanke shi. Da yamma na tarar tana wanke shi karo na uku. Ta tattara sauran tsamiyar ta cusa ƙarƙashin gado. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Ƙanwata kuma tana ɗaki tana kuka, don tun ranar suna babu wanda ya leƙo daga gidan mijinta ya duba jariri. Kowa a gidan ya san abin da ake jira, ba dai mai faɗa. Idan tsohuwar nan ta rasu, har mahaifiyata ta koma ga Allah sunanta matar da ta kashe kakar surukinta da ardeb.

Ni kuwa, mai sabon ilimi, sai na ce bari in nuna abin da na karanta. Na ɗauki waya na bi waɗanda suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, in yi musu sannu, in tambaye su ko sun sha ardeb. Duk wadda na samu sai ta ce ta sha. Ina ajiye wayar na gane abin da na yi. Na fita da niyyar wanke uwata, na dawo da hujjar da za a ɗaure ta da ita.

Da safe na je wurin aiki idona a kumbure, na kwashe labari na faɗa wa abokiyar aikina, wadda ta girme ni a aikin da shekaru. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “To masu lafiyar fa, me suka sha?”

Na ce ban tambaye su ba, ai lafiyarsu ƙalau.

Ta ce, “Waɗanda suka kwantan, duk sun sa lalle a sunan?”

Na ce ai sai dai wadda ba a rasa ba.

“To lallen ne ya kwantar da su. Je ki faɗa wa mai ƙunshi ta shirya.”

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya, kunya kuma ta rufe ni, don wannan shi ne darasin farko da aka koya mana. A wurin da kowa ya sha abu, dole duk wanda ya kwanta ya zama ya sha. Sai ka jera masu ciwo da masu lafiya, ka yi musu tambaya iri ɗaya, ka ga inda suka rabu. Na sani sarai, tsoro ne ya share min shi daga kai.

Sai ta daina murmushi ta ce, “Amma ki sani, in muka bi muka ga ardeb ɗin ne, haka za mu faɗa. Za ki iya?”

Na ce zan iya. Ƙarya na yi mata, ban san ko zan iya ba.

Ba zan manta da wuyar kwanakin da suka biyo baya ba. A littafi abu ne mai sauƙi a ce a tambayi waɗanda ba su kamu ba. A garinmu kuwa, ki shiga gidan matar da ta zo muku suna ki ce mata me da me ta ci a gidanku, ai zagi ne. Ta farkon da muka je wa kallona ta yi sama da ƙasa ta ce, “Au, yanzu lissafin abin da muka ci ake yi? Da an faɗa mana ai da mun taho da namu.” Wata kuma ta rantse ko ruwa ba ta kurɓa ba, alhali da idona na gan ta ta tasa farantin sinasir a gaba tana ba shi haƙƙinsa.

Na kuma lura da wani abu. Waɗanda suka kwanta suna tuna kowace kurɓa, amma ta ardeb kaɗai, don shi aka riga aka sa musu a kunne. Masu lafiya kuwa ba su tuna komai, tunda ba abin da ya sa su tunani. Dole muka canza salo. Muka daina tambayar ci da sha kai tsaye, muka koma hira. Yaushe kika iso, an yi azahar ko ba a yi ba? Kusa da wa kika zauna? Da aka zagayo da kofuna kina nan? A haka, a hankali, mutum zai ba ki labarin yininsa ba tare da ya ji ana ƙirga masa loma ba.

Sai abu ya fara fitowa. Mazan da suka zo raɗin suna da safe sun sha ardeb daga wannan duron, wasu har da ƙari, kuma ba mu samu ko ɗaya da ya kwanta ba. Wata maƙwabciya ta cika jarka tun hantsi ta kai wa 'ya'yanta, suna nan suna tsalle-tsallensu. Masu ciwon kusan duk matan da suka zo yinin suna ne, bayan azahar.

Na so in yi murna, abokiyar aikina ta taka min birki. Ta ce wannan bai wanke ardeb ba. Ƙila da safe lafiyarsa lau, zafi ya juya shi da rana, ko wani hannu ya shiga. Har yanzu dai daga duron mahaifiyata abin yake fitowa. Ranar na koma gida na tarar da ita zaune a tsakar gida da carbi, ta ɗago ta ce, “Likitar gida, me kuka gano?” Na ce muna kan bi, Umma. Ta ce, “In ni ce, ki faɗa min da bakinki. Kada in ji a waje.”

Mutum ɗaya ta rage ban tambaya ba, don tsoron zuwa nake yi: tsohuwar da ke asibiti. Na ɗaure na je. 'Yarta, wato surukar ƙanwata, ita ke jinya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da “kalewa”, wato “lafiya” da Barbarci, a taƙaice tana kallon wani wuri. Tsohuwar ta rame ta shige cikin gado, amma idonta biyu. Na matsa na yi mata sannu irin tasu, na ce, “Kaka, wushe da jiki. Ranar suna kin sha ardeb?”

'Yar ce ta amsa, a ɗan fusace. “Ya za ta sha? Tana da ciwon suga, rabonta da zaƙi an daɗe. Abincinku ma ba ta taɓa ba.”

Tana rufe baki ta juyo ta kalle ni, don ita ma ta ji abin da ta faɗa. Wadda ta fi kowa jin jiki ba ta sha ardeb ba.

Na ce, “To Kaka, me kika sa a bakinki a gidanmu?”

Ta motsa leɓe da ƙyar. Abin da kunnena ya ji shi ne “kankana”. Na tsaya ina zare ido, don babu kankana a sunanmu ko yanka ɗaya. Har na fara tunanin ko ciwon ya taɓa mata kai. Na juya na tambayi 'yar ko da kankana suka taho daga gida.

Ta ce, “Wace kankana? Kankara ta ce, mai sanyi. Ruwan kankara aka ba ta.”

Barebari da yawa ba sa furta ƙ irin tamu, ga muryar mara lafiya, ga ni da kunnen Kano. Ƙanƙara take nufi. Nan take na tuna. Bayan azahar mata sun yi ta kukan zafi, sai aka kawo wani ƙaton dutsen ƙanƙara a buhu cikin keke napep. Aka fasa shi a tsakar gida, rabi aka jefa a duron ardeb, rabi a kular ruwan sha. Ni kaina na tsallake buhun ina rarraba abinci. Ban tambayi kowa game da ita ba, domin a kaina ƙanƙara ba abinci ba ce, ba kuma abin sha ba, sanyi ce kawai.

Muka sake zagaye gidajen da tambaya ɗaya tak, har waccan mai cewa lissafi muke yi. Wannan karon hanya ta rabu a fili. Waɗanda suka sha ardeb kafin ƙanƙara suna lafiya. Ciwon yana cikin waɗanda suka sha bayan an zuba ta, da waɗanda ruwan kular kaɗai suka sha. Ƙanƙarar ta daɗe da narkewa, ba mu da abin kaiwa gwaji, amma abokiyar aikina ta kai maganar gaba, aka bi har inda ake yin ta. Aka tarar ruwan da suke daskararwa ba na sha ba ne, kuma akwai wasu gidajen a wata unguwa da suka saya a nan suka kwanta a wannan makon.

Da gudu-gudu na shiga gida. Na ce, “Umma, ba ardeb ɗinki ba ne, ƙanƙara ce.” Na zaci za ta yi hamdala ta tashi ta ci abinci. Sai ta ce, “Ai ni na ce a sayo ta. Na ga suna fifita da gyale, na ji tausayinsu.” Na yi ta bayani, ta bar ni na gama, ta ce, “Tsohuwar fa, ya jikinta?” Tsamiyar dai ba ta fito daga ƙarƙashin gado ba.

Allah ya tashi kafaɗun tsohuwar. Ranar da ƙanwata ta yi arba'in, dangin miji suka zo ɗaukarta, sai ga tsohuwar a cikinsu ana riƙe da hannunta. Kwana biyu kafin nan ta aiko cewa a yi mata ardeb, kuma mahaifiyata ce za ta yi. Umma ta yi ɗan kaɗan a jug, ta ajiye can gefe kamar abin sata. Tsakar gida cike da mata, har da masu maganar an zuba wani abu. Tsohuwar ta ce a miƙo mata. 'Yarta, mai kiranta Ya, ta ce, “Ya, ciwon sugan fa?”

Ta ce, “Ku bar ni. Waɗanda suka sha da safe suna ta yawonsu, ni da ban sha ba ni na kwanta.” Ta kafa kai ta shanye rabin kofi, ta miƙa wa ta kusa da ita sauran. Daga nan kofin ya zagaya, har jug ɗin ya ƙare ana neman ƙari. Mahaifiyata ta shige ɗaki, na bi ta na tarar tana share ido da bakin zani.

Yau na daɗe a wannan aiki, na bi cututtuka da suka fi wannan girma nesa ba kusa ba. Amma duk lokacin da na ji an yi saurin nuna wani da yatsa don kawai duk masu ciwo sun bi ta wurinsa, sai in tuna duron nan da aka wanke sau uku. Ina gaya wa sababbin ma'aikata su je wurin masu lafiya ko da za a yi musu baƙar magana, su kuma nemi wanda ya kwanta alhali bai taɓa abin da ake zargi ba. Ba na gaya musu cewa ni ma na kusa yanke wa uwata hukunci a cikin waya.

Umma ta koma yin ardeb, ana kuma roƙonta kamar da. Sai dai a randa take sanyaya shi yanzu, kome zafi, kuma duk wanda ya ce a sa ƙanƙara sai ta ce ya je ya sa a gidansu. Washegarin kowane taro kuma, tun da hantsi, za ta ɗauki waya ta bi waɗanda suka sha ɗaya bayan ɗaya, wai gaisuwa take yi. Na san abin da take saurare a muryarsu, ban taɓa ce mata komai ba.