Ranar da Manu Ya Kira Sunan 'Yarsa

Duk Birnin Kudu an san Manu Mai Rijiya, dogon Bafulatanin nan ɗan Kwandiko da ya bar kiwo ya kama aiki da duba-gari. Fillanci ya daɗe da guduwa daga bakinsa, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. 'Yarsa ta fari, Raliya, ta kusa shekara biyu bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya ɗauke ta. In ta kama dole sai ya ce "waccan yarinyar", yana kallon bango.

Sai ga shekarar kwalara, bayan yaƙin basasa. Aka hana cin kasuwa, motocin Gwaram suka daina zuwa. Matarsa Hapsatu, mai aiki a ɗakin mata na asibiti, aka ce ita da abokan aikinta su tare can sai cutar ta lafa. Mahaifiyarsa Dada, wadda za ta karɓi yaye, tana Kwandiko ta wajen Gwaram, hanya kuma a rufe. Maƙwabta kuwa kowa ya ja ƙofarsa, don sun san inda Hapsatu take aiki.

Hapsatu ta miƙa masa zani da majanyi ta ce, "Malam, ga amanarka. Kunya dai ba ta dama koko."

Shi ma an ninka masa aiki, tun sassafe har la'asar yana bin rijiyoyi yana zuba magani. Haka bawan Allah ya goya 'yar, ɗauri a karkace, ya zura babbar riga a kai wai kada a gani, ya hau keke. Ina! Ga ƙafafu biyu suna reto ta ƙasan riga.

Matan bakin rijiya suka ce, "Malam Manu, yaushe ka yi doro?"

Ya murtuke fuska ya ce, "Kayan gwamnati ne."

Ran kwana na tara ya sauke ta a gindin tsamiya, ya juya yana auna magani. Ko da ya waiga, tana ta tafiyarta, saura taku uku ta kai bakin rijiya, ga shi ba murfi. Ya saki maganin. In ya ce "waccan yarinyar", wa zai juyo?

"Raliya!"

Ta tsaya cak. Ta juyo, ta tako ta faɗa jikinsa tana ƙyalƙyala dariya. Ya rungume ta a gaban kowa. Wata tsohuwa ta ajiye guga ta rangaɗa guɗa, kamar an kawo amarya.

Da cuta ta lafa, Hapsatu ta dawo, Dada ma ta iso a motar farko don ta tafi da jikarta. Manu ya durƙusa gabanta, ya daɗe yana zane ƙasa da yatsa.

Can ya ce, "Dada, ki yi haƙuri. A bar mini Raliya."