Gayyar da Ba Wanda Ya Je

Mijina, Allah ya jiƙansa, ƙaƙƙarfan manomi ne, amma bakinsa ya fi fartanyarsa kaifi. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Fagam, tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba, ina da ɗa guda ga kuma ciki. Gonarmu ta gero da dawa ita ce duk abin da muka mallaka.

A bayan gari akwai wani mutum da matarsa. Shi ɗan garinmu ne, mahara suka ɗauke shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har bakin Kwara, can wajen Lakwaja. Ya dawo da furfura a gemu, da mata, da addinin Nasara. Dagaci ya yanka masa saura, wato tsohuwar gonar da aka bari, ya ce ya noma. Mutane na gaisawa da shi sama-sama, mijina kuwa ko hakan ba ya yi. Wai shi mai kishin addini. Mutumin da sai na yi ta jijjiga shi kafin ya tashi sallar asuba!

Da damina ta kankama, mutumin ya kira gayyar noman fari. Kowa ya san ƙa'idar gayya: kai ka dafa abinci, gari ya kawo hannu, ranar da wani ya kira kai ma ka je. Shi kuwa tun da ya dawo babu gayyar da ta wuce shi, har tamu. Matarsa ta yi kwanaki tana daka. Ɗan akuyarsu guda ɗaya tilo ya ba wa Musulmi ya yanka, don kada wani ya ce ba zai ci ba.

Sai mijina ya sa tasa gayyar a ranar, ya ɗauko mai gangar noma tun daga Gwaram. Na ce, "Haba Maigida, ranar bawan Allahn nan ce fa." Ya ce, "Ke, rufe mini baki!" Ganga na tashi samari suka kwararo gonarmu kakaf. Da azahar na bi ta gefen gonar mutumin da tulu a kai, na gan su shi da matarsa su biyu rak suna noma, ga akusan tuwo jere a gindin ɗorawa ƙudaje na bi. Matar ta ɗago ta dube ni. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, na zuwa, kurkunu ya sauka mana a gari. Tafki ɗaya muke sha, don haka kusan kowane gida da majinyaci. Mutumin da matarsa kuwa sun haƙa 'yar rijiya a bayan gidansu, bai taɓa su ba. Mijina ƙafa biyu ya kama shi, suka kumbura suntum, kullum ina naɗe masa tsutsar a tsinke yana ihu kamar yaro. Wa zai zo maka gayya alhali shi ma yana kwance? Ciyawa ta taso ta fara shaƙe gero. Na ɗauki fartanya da tsohon cikina, ban yi nisa ba jiri ya kwashe ni. Tsoro ya kama ni sosai, don idan gonar nan ta tafi, babu abin da za mu sa a baki sai wata shekara, ga jariri na tafe.

Wata safiya na lallaɓa in ga ɓarnar da idona. Tun daga nesa na jiyo ƙarar fartanya. Ina ƙarasawa na hango su, shi da ita, a tsakiyar geronmu. Innalillahi! Gabana ya faɗi ras. Na ce shi ke nan, ramuwa suka zo yi, tuge mana shuka suke. Na ɗora hannu a kai na kurma ihu, "Ku ji tsoron Allah! Me ɗana ya yi muku?"

Matar ta yar da fartanya ta taho ta kama ni. Ta ce, "Zauna, 'yar uwa, kada ki zubar da cikin nan a banza. Buɗe ido ki duba."

Na duba. Gero na tsaye cas, ciyawa kwance a kwarin kunya tana yaushi. Sun kusa cin rabin gonar. Da ƙyar na ce, "Ke? Bayan abin da aka yi miki?"

Ta ce, "Kada ki ɗauke ni waliyyiya. Da mijina ya ce mu zo, cewa na yi ya tafi shi kaɗai, har na ƙi yi masa magana. Tuwon nan da na zubar ya tsaya mini a rai. Amma kullum da safe muna roƙon Allah ya yi mana irin yafiyar da muke yi wa mutane, yadda Annabi Isa ya koyar. In na zo wurin nan a addu'ar sai harshena ya yi nauyi. Mijina kuma bai matsa mini ba, haƙuri ya yi ta ba ni, kamar shi ya yi laifin. To, na gaji da tsallake wurin, shi ya sa na biyo shi."

Na koma gida ina kuka na faɗa wa mijina. Ya ce ƙarya nake yi. Na ce, "Ƙarya? Tashi ka gani, in ƙafar za ta kai ka!" Ya sa aka ɗora shi a jaki. Muna isa mutumin ya miƙe ya share gumi ya ce, "Sannu, Malam, ya jiki? Gara da ka zo. Nuna mini iyakarka ta gabas, kada in shiga gonar wani."

Mai bakin nan da ba ya rasa amsa, hannu kawai ya ɗaga ya nuna.

A hanyar komawa jakin ya bi da mu ta gefen gonarsu. Nan ne na ƙara kaɗuwa. Ciyawa ta kai gwiwa, geronsu ya yi ja ya ƙanjame. Ashe tasu suka bari suka zo tamu.

Ban bar addinina ba, su ma ba su taɓa ce mini in bari ba. Amma tun daga ranar, in aka zagi addininsu a gabana sai in ce, ni dai na ga abin da na gani.

Da kaka rumbunmu ya cika, nasu ko rabi bai yi ba. Mijina yana ɗingishi ya yi ta jigilar dami zuwa bayan gari, mutumin ya karɓi kaɗan ya ce sauran na jaririn ne. Shekarar nan kaf, in na ajiye wa mijina tuwon geron nan sai ya daɗe yana kallon akushin kafin ya sa hannu.