Bushiya a Ofishin Talotalo

Kakata Iya Saude ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, ko ido ba ta son haɗawa da shi a gaban mutane. In tana nemansa sai ta ce mini, "Takwara, je ki ce wa mai babur ɗin nan ana sallama da shi." Sunanta na ci, shi ya sa take ce mini Takwara. A gida ɗaya muke a Malumfashi, ɗakinta na kallon murhu, kuma duk lokacin da masara ta nuna, bayan an idar da sallar isha'i, sai ta tona garwashin da ya rage daga tuwon dare ta jera mana ɗanyar masara a kai. Mu zagaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, muna juya masara muna hura yatsu, ita kuwa tana gyara zaman ɗankwalinta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya sami abin da zai sa a baki, don ta ce mai jin yunwa ba ya jin magana.

Mahaifina malamin gona ne. Aikinsa yawo ƙauyuka, ya duba gonaki, ya zauna da manoma a gindin bishiya. Yana son aikin nan ƙwarai. Ya kan dawo da yamma wandonsa duk ƙaya da laka, yana ba mu labarin wanda tsutsa ta ci wa dawa da wanda waken suyarsa ya yi kyau. Sai aka kawo musu sabon shugaba a ofis. Ranar da mutumin ya fara zuwa, ya tarar da babur ɗin Baba a inuwar darbejiyar da ke ƙofar ofis, inda shi yake so ya riƙa ajiye motarsa. Babu wanda ya gaya wa Baba, shi kuma ya ci gaba da ajiyewa kamar yadda ya saba. Ba a yi sati biyu ba aka ce daga yau ba zai ƙara fita ƙauye ba, ana bukatarsa a ciki. Babban ɗakin ofishin an yanyanka shi da katako, kowa da ɗan lungunsa, aka ba Baba na can ƙurya, bayan kabad, inda ko taga babu. Ba a ba shi aikin komai ba.

Mun ga canjin a gida tun kafin mu san dalilinsa. Ya daina ba da labari. Ya kan dawo da kayansa fes kamar bai fita ba, ya shige ɗaki, a kai masa tuwo a dawo da shi ya ɗan taɓa gefe. Na ji Umma tana gaya wa ƙanwarta cewa yana maganar ajiye aikin gaba ɗaya. Iya tana ganin duk wannan, amma ba ta da bakin da za ta kira ɗanta ta zaunar da shi ta tambaye shi.

Wata safiya ta je asibiti a duba mata gwiwa. Da ta fito, maimakon ta hau ɗan acaɓa ta dawo, sai ta ce a kai ta ofishin gona, wai za ta jira mai babur ya kawo ta gida. Aka ba ta benci a bakin ƙofar babban ɗakin. Nan ta zauna tun hantsi har aka tashi, carbi a hannu, tana amsa gaisuwa tana kallon masu shiga da fita. Wannan ne shigarta ofis na farko a rayuwarta, kuma ba ta ƙara ba.

A daren ranar, da masara ta fara ƙamshi, sai ta ce, "To, ga wata baƙuwa nan ta taho, ku matsa mata ta zauna."

Muka ce, "Ta zauna mu ji da me ta zo."

Ta ce wai a wani zamani dabbobin dawa sun sami wani tsohon shuri da gara ta bari, suka ce su ma za su buɗe ofis. Aikin ofishin ɗaya ne, ya riƙa gaya wa masu noma lokacin da ruwa zai sauka. Aka naɗa Talotalo shugaba, saboda duk dawa babu wanda ya kai shi iya kumbura. Kowa aka ba shi raminsa a cikin shurin, yana jin tarin maƙwabcinsa amma ba ya ganin fuskarsa. Ƙadangare ne mataimaki. Aikinsa, in Talotalo ya yi magana ya gyaɗa kai, in Talotalo ya yi atishawa ya gyaɗa kai, wata rana ma Talotalo bai zo ba, aka same shi yana gyaɗa wa kujera kai. Hawainiya kuwa in ta shiga wurin shugaba ta zama ja irin tukkunsa, in ta fito wurin ƙananan ma'aikata ta koma ruwan ƙasa ta ce, "Wallahi ni ma ya ishe ni." Kunkuru shi ne masinja. An aike shi ya sayo wa shugaba ƙosai tun bara, ana sa ran dawowarsa.

Iya ba ta tsaya ga baki kawai ba. In ta zo kan Talotalo sai ta tara iska a kumatu, ta buɗe gwiwar hannu, ta ɗaga haɓa tana kallonmu ta ƙasan ido. Muka yi ta birgima a tabarma. Ina cikin dariya na lura labulen ɗakin Baba ya ɗan motsa.

Ta ci gaba. Akwai Bushiya a ofishin, wadda hancinta ke jin ƙamshin ruwa tun yana nesa. Wata rana ta kwanta a inuwar da Talotalo ke shan iska, ba ta sani ba. Sai aka mayar da ita rami na can ƙarshe. Bushiya ta ji haushi, ta dunƙule, ta miƙar da ƙayoyinta, ta ce ba za ta ƙara ce wa kowa uffan ba.

Ana nan sai hadari ya haɗu, ruwa ya kece. Ruwa ya fara shiga shuri. Talotalo ya kira taro don a tattauna ko ruwa ya sauka. Aka zauna, ruwa na taɓa ƙafafu. Talotalo ya ce shi a saninsa ruwa bai sauka ba, tunda bai sa hannu ba. Ƙadangare ya gyaɗa kai. Aka kafa kwamitin da zai leƙa waje, aka kuma kafa wani kwamitin da zai zaɓi wanda zai buɗe wa kwamitin farko ƙofa. Ruwa ya kai ƙirji, aka ɗage taro saboda Hawainiya ta ce ba a kawo lemo ba.

A nan ne muka ji dariya daga bayan labule. Dariya ce ta gaske, irin wadda ke fitowa daga ciki, har da tari. Mun daɗe ba mu ji ta ba. Umma da ke wanke kwanuka ta tsaya da soso a hannu. Baba ya fito ya jawo turmi ya kifa ya zauna can gefe, kamar iska ya fito sha. Iya ba ta ko dubi inda yake ba, ta juya masa ƙeya sosai, ta ci gaba.

Ta ce a waje kuwa, su Kurege da Zomo da Gafiya suna tsaye a bakin gonakinsu da iri a hannu, suna jiran wanda zai zo ya ce musu wannan ruwan na shuka ne ko na wucewa. Babu wanda ya zo. Wasu suka shuka iri ya ruɓe, wasu suka jira har lokaci ya wuce.

Ƙanena Sani ya ce, "Iya, ai duk laifin Talotalo ne."

Ta ce, "Talotalo? Ai shi haka Allah Ya yi shi, in bai kumbura ba ciwo zai yi. Ni Bushiya ce ta ba ni haushi."

Na ce, "Iya, ita fa aka zalunta."

"An zalunce ta, Takwara, ban ce ba a yi ba. Amma rami aka sa ta, ba a toshe mata hanci ba, ba a kuma ɗaure mata ƙafa ba. Ta dunƙule tana jira Talotalo ya ji kunya. Su Zomo da suke tsaye cikin ruwa, me suka yi mata?"

Na saci kallon Baba. Dariyar ta bar fuskarsa, yana kallon garwashi. Can ya miƙe, ya ce wa iska, "Sai da safenku," ya shige. Iya ta ce, "Nan na sauke ta, mai sauran ƙarfi ya ɗauka gobe."

Ni tun ina ƙarama hannuna ba ya zama, duk bangon bayan ɗakinmu zanen gawayi ne. Washegari na sami bayan wata tsohuwar kalanda, na raba ta gida huɗu da biro. A gidan farko na zana Talotalo a kan kujera mai juyawa, da hula. Na biyu Ƙadangare yana gyaɗa wa kujera kai. Na uku taro, ruwa ya kai wa kowa wuya, Talotalo na cewa, "Wa ya ba shi izini?" Na huɗu Bushiya a dunƙule a ƙurya. Na kai wa Iya, ta riƙe shi a juye, na gyara mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kin rage masa tumbi." Na ƙara.

Da Baba ya dawo ya gan shi a kan tabarma. Ya ɗauka ya duba, ya naɗe ya sa a aljihun babbar riga. Umma ta biyo shi tana cewa, "Malam, don Allah kar ka kai wannan abu wurin aiki. Kai da ake nema da laifi?" Ya ce mata, "Ba komai."

Abin da ya faru a ofis daga bakinsa muka ji, kuma ya ba da labarin nan ya fi a ƙirga har tsufansa. Ya manna zanen a jikin katakon lungunsa. Kafin azahar duk ofis an zo an gani. Abin da ya ba shi mamaki, kowa ya gane wani, babu wanda ya gane kansa. Wanda kowa ya san shi ne Ƙadangare ya fi kowa dariya, yana nuna Hawainiya yana raɗa sunan wata. Hayaniya ta yi yawa har shugaba ya fito. Mutane suka watse, kowa ya faɗa raminsa. Baba ya ce shi kuwa ya miƙe tsaye bai cire takardar ba.

Shugaba ya sa tabarau ya sunkuya. Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya nuna Talotalo ya rage murya ya ce, "Malam Sada, wanda ya zana wannan ya san mai gidanmu na hedkwata a Katsina? Wallahi har tumbin!"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ce ta zana. Ba ta taɓa zuwa Katsina ba."

"Ikon Allah. To wannan ta ƙuryar fa, mai ƙaya?"

"Wannan ni ne, ranka ya daɗe. Kuma na gaji da dunƙulewa. Manoman ƙauyen Ƙarfi suna da tsutsa a masara, ba wanda ya je musu. Ina neman izini in koma fita."

Shugaba ya dube shi, ya dubi zanen. Wataƙila dariyar ce ba ta sake shi ba, wataƙila kuma ya ga hanyar da zai daina ganin Baba kullum. Ya ce, "Je ka mana. Wa ya hana ka?"

Da yammar ranar Baba ya shigo gida da tsire a takarda, ya miƙa mini ya ce, "Kai wa tsohuwa." Na kai. Iya ta buɗe ta shinshina, ta ce, "Ki ce wa mai babur an gode. Ki ce masa kuma gobe ya sa tsohon wando, kar ya ɓata sabo da laka."

Yau ni ma a irin lungun nan nake aiki, a wani ofis a Funtua, sai dai namu na gilashi da roba ne, da kwamfuta a gabana. Duk ranar Juma'a ina fitar da zane mai gida huɗu a waya, kan abin da ke faruwa a ofisoshi, kuma mutanen da ban taɓa gani ba suna turo mini saƙo suna rantsuwa cewa a ofishinsu nake aiki. In an tambaye ni a ina na koya, ina faɗa da bakina cike: wurin wata tsohuwa da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, wadda ta yi zaman yini ɗaya a benci.

Na daɗe ina ɗauka abin da ta koya mini shi ne yadda ake yi wa manya dariya ba tare da an kama ka ba. Sai da na fara aiki, aka taɓa ɓata mini rai na yi wata guda ba na ce wa kowa komai, masu zuwa neman taimako suna komawa haka nan, sannan na gane inda ta dosa. Yi wa shugaba dariya abu ne mai sauƙi, kowa na iyawa a bayan idonsa. Ita ta sa wanda ta fi so a duniya cikin labarin, ta ba shi nasa kason, a gaban 'ya'yansa, ba tare da ta kunyata shi ba. Shi ya sa duk zanen da zan fitar, sai na duba ko akwai inda ya taɓa ni da ire-irena. In na ga manya kaɗai ya cije, mu ƙanana mun fito fes, na san ban gama ba, sai in goge in sake.